Karatu daga nesa ta intanet a Zamfara da Kebbi: tambayoyi da amsoshi kan abin da ke tare wa ɗalibai hanya

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 maganar karatu ta intanet ta shiga bakin jami'an ilimi, kuma a Zamfara da Kebbi matsalar tsaro ta ƙara mata ƙarfi, domin duk lokacin da aka kulle wata makarantar kwana sai an sami mai cewa a koma koyarwa ta waya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da malamai da ɗalibai suka fi yi idan zancen ya taso.

Me ake nufi da karatu daga nesa, kuma su wa ke bayar da shi?

Karatu daga nesa shi ne wanda ɗalibi yake yi ba tare da ya zauna aji ɗaya da malaminsa kullum ba. A da ta gidan waya da rediyo ake yinsa, yanzu kuma mafi yawansa ya koma kan intanet. Babbar mai bayar da shi a ƙasar nan ita ce jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda gwamnatin Shehu Shagari ta kafa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Olusegun Obasanjo a farkon shekarun 2000. Tana da cibiyoyin karatu a jihohin Kebbi da Zamfara. Akwai kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda tun 1976 take horar da malaman firamare suna bakin aikinsu, akwai sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ga yaran firamare da sakandare kuwa, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft sun ƙaddamar da dandalin darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport a 2022, kuma a cikinsa akwai darussa da Hausa.

Tunda darasin yana kan intanet, ashe ba kowa ne zai iya samunsa ba?

Wanda ya tsara darasin yakan tsara shi ne da wani irin ɗalibi a zuciyarsa, ko da bai lura ba. Ɗalibin nan yana da babbar waya tasa ta kansa, unguwarsu akwai sabis, yana da kuɗin data, wayarsa ba ta kwana babu caji, yana jin Turanci, idonsa da kunnensa da hannunsa duk lafiya lau. Idan aka cire ɗaya kawai daga cikin waɗannan, darasin ya kuɓuce masa. Ɗalibin da ake cewa an kawo tsarin dominsa, wato yarinyar da aka cire daga makarantar kwana bayan sace ɗaliban Jangebe a watan Fabrairun 2021, ko ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensu ya sauka gidan dangi a Anka, ko makahon da ke Kauran Namoda, da wuya a same shi ya rasa abu ɗaya tak. Galibi uku ko huɗu yake rasawa a lokaci guda.

Shi ya sa karatun intanet, idan aka bar shi yadda yake, ya fi amfanar wanda dama yake da hanyar zuwa makaranta: ma'aikacin gwamnati a Gusau ko Birnin Kebbi mai neman ƙarin digiri domin ƙarin girma. Wannan ba laifi ba ne, amma bai kamata a riƙa lissafa shi a matsayin an kai ilimi ga waɗanda aka bari a baya ba. A ganina, kusan rabin matsalolin da za a ambata a nan ba sa jiran a kafa sababbin turakun sadarwa. Suna hannun malami da jami'a, a yadda suka ga dama su shirya darasi.

Yaya batun sabis yake, musamman a Zamfara?

Zamfara ta ɗanɗana abin da jihohi kaɗan suka ɗanɗana. A farkon watan Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a katse sadarwar 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ba ta sami sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A daidai wannan lokaci makarantun jihar ma a rufe suke bayan sace ɗalibai a Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. Ke nan a watannin da aka fi buƙatar karatu daga nesa, a su ne babu hanyar yinsa ko kaɗan. Ɗalibin jami'ar karatu daga gida da wa'adin miƙa aikinsa ya faɗo cikin waɗannan makonni, sai dai ya hau mota ya fita jihar idan yana so ya buɗe shafin jami'a.

Ko babu rufewar hukuma, sabis a wajen manyan garuruwa ba abin dogaro ba ne. Turakun sadarwa da yawa da man dizal suke aiki, kuma inda hanya ba ta biyuwa ba a iya kai musu mai ko injiniya. Akwai ƙauyukan da kowa ya san tudun da ake hawa ko bishiyar da ake tsayawa ƙarƙashinta idan ana son kira ya shiga. Irin wannan sabis yana iya isar da saƙon WhatsApp bayan ɗan jira, amma ba zai ɗauki lacca ta bidiyo kai-tsaye ba, kuma jarrabawar gwaji mai ƙidayar mintuna tana iya yankewa a tsakiya a rubuta wa yaro sifili.

Data nawa darasi ɗaya yake ci?

Ya danganta da sigar da malami ya zaɓa, kuma tazarar tana da girma ƙwarai. Lacca ta bidiyo kai-tsaye mai matsakaicin kyau, wadda ke gudu a kan megabit 1.2 a daƙiƙa, tana cin kusan megabait 540 a awa ɗaya. Wannan laccar idan aka naɗi muryar kaɗai a kan kilobit 64 a daƙiƙa, ba ta wuce megabait 29 ba. Idan kuwa aka rubuta ta a matsayin rubutu zalla, ba ta kai megabait ɗaya ba. Ɗalibin da ke da awa biyar na bidiyo a mako zai buƙaci kusan gigabait 11 a wata domin lacca kawai, ban da sauke littattafai da bincike. A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, saboda haka lissafin ya ƙara nauyi a kan magidancin da ke auna abincin gidansa da kwano.

Abin lura shi ne yawancin laccocin nan fuskar malami ce kawai ake kallo yana magana. Ɗalibi yana biyan kuɗin ganin fuskar ne, ilimin kuwa yana cikin muryar.

Wutar lantarki fa?

Kebbi da Zamfara da Sakkwato duk kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke ba su wuta, kuma suna can ƙarshen layi. Mutanen Yawuri da Ngaski suna zaune a bakin tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968 domin samar da wuta, amma wannan kusanci bai sa ƙauyukansu sun wadata da ita ba. Ɗalibin ƙauye wurin mai caji yake kai wayarsa, ya biya, ya bar ta can na wasu sa'o'i. Duk malamin da ya kira aji ba tare da sanarwar kwana ɗaya ko biyu ba, ya sani cewa wayoyin wasu ɗalibansa suna jere a kan allon mai caji a kasuwa. Ƙaramar sola da fawabank suna rage wahalar ga wanda ya iya saya.

Ni makaho ne, ina da babbar waya. Zan iya yin irin wannan karatu?

Za ka iya, kuma akwai makafi a ƙasar nan da suke yi, amma ya kamata ka san inda za ka ci karo da cikas tun kafin ka biya kuɗi. Kusan kowace wayar Android tana da manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya, sunanta TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver. A kwamfuta akwai NVDA wadda kyauta ce, da JAWS wadda ake saya da tsada. Duk waɗannan rubutu suke karantawa. Ba sa karanta hoto, sai in an haɗa da wata manhajar da ke zaƙulo haruffa daga cikinsa, ita ma tana yawan kuskure.

A nan ne babbar matsalar take. Malami zai ɗauki wayarsa ya ɗauki hoton shafukan takardar darasi, wasu a karkace, wasu da inuwar hannunsa a kai, ya haɗa su ya tura a zauren WhatsApp na aji. Ga mai ido wannan darasi ne. A kunnenka kuwa manhajar za ta ce “hoto, hoto, hoto” har shafi na ƙarshe. Haka jadawalin jarrabawa da ake sakawa a matsayin hoto, da maɓallan shafin rajista waɗanda ba a sa musu suna ba, da haruffan nan karkatattu da ake cewa mutum ya kwafa domin a tabbatar ba na'ura ba ce. Haka kuma malamin da zai nuna allo a bidiyo ya ce “kun ga wannan, idan aka haɗa shi da wancan sai a sami wannan”, bai faɗi ko mene ne wannan da wancan ba. Lissafi da zane-zanen kimiyya sun fi wahala, domin sai an zauna an siffanta su da kalmomi.

Akwai ƙarin damuwa ga mai karatu da Hausa. Muryoyin da ke zuwa cikin wayoyi na Turanci ne, kuma idan suka haɗu da rubutun Hausa sukan furta shi da lafazin Turanci, haruffa masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ da ɓ kuwa sau da yawa su tsallake su ko su kira su da wani suna dabam. Makafi da dama sun saba da wannan har kunnensu yana gyara kalmar da kansa, amma mai farawa yana shan wahala.

Dangane da littattafai, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 kan sauƙaƙa wa makafi samun littattafai a shekarar 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da damar a mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko murya domin amfanin makafi ba tare da an nemi izinin mai shi ba. Saboda haka idan aka ce maka doka ce ta hana a ba ka littafin a sigar da za ka iya karantawa, ka san ba haka ba ne. Hukumar JAMB ma tun 2017 tana da tsari na musamman ga makafi masu rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuma Kebbi na cikin wuraren da ake zaunar da su.

Wannan amsa ta shafi masu raunin gani ma, waɗanda suka fi makafi yawa: masu yanar ido, masu amodari, zabiya, da dattawan malamai masu karatun NTI. Su abin da suke buƙata shi ne rubutun da za a iya ƙara girmansa ba tare da ya fice daga allo ba, da baƙin rubutu a kan farin fili maimakon launuka masu ɗaukar ido.

Ɗiyata kurma ce. Ba bidiyo ne ya fi dacewa da ita ba?

Bidiyon da ba shi da rubutu a ƙasa, kuma babu tafinta a gefe, bai amfane ta da komai ba illa kallon leɓɓan malami a ƙaramin allo. YouTube da Zoom suna iya fitar da rubutun magana da kansu, amma sun fi ƙwarewa da Turancin Amurka da Ingila, suna tuntuɓe da lafazin malamanmu, idan kuma malami ya juya zuwa Hausa domin ƙarin bayani sai rubutun ya zama shirme. Zauren WhatsApp na aji, wanda kusan komai ake yi da saƙon murya, shi ne wurin da kurma ya fi zama saniyar ware.

Sai kuma batun yaren. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu, maganar hannu, wadda suka gada tun kafin makarantun boko. Makarantun kurame kuwa suna koyarwa ne da yaren hannu da ya samo asali daga na Amurka, wanda wani kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya shigo da shi Najeriya a 1960. Yarinyar da ta tashi a gida da maganar hannu ba lallai ta fahimci tafintan da ke bidiyon da aka shirya a Abuja ba. Kada kuma a ɗauka rubutu kaɗai ya wadatar, domin yaron da aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa ko Turanci da kunnensa ba, rubutun kowannensu harshe na biyu ne a wurinsa. Yana buƙatar gajerun jimloli da hotuna masu bayani da mutumin da zai zauna da shi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankinmu, saboda sanƙarau yana barin kurumta ga wasu daga cikin waɗanda suka warke, kuma annobar da ta ɓarke a ƙarshen 2016 zuwa 2017 daga Zamfara ta faro.

Ga guragu kuwa ai an huta, tunda ba sai an je ko'ina ba?

An rage tafiya, ba a kawar da ita ba. A NOUN ana yin aikin gwaji na zango ta intanet, amma babbar jarrabawa sai an je cibiya. Zamfara tana da ƙananan hukumomi 14, Kebbi tana da 21, cibiyoyin kuwa 'yan kaɗan ne. Ɗalibin da ke Gummi ko Shinkafi ko Danko-Wasagu sai ya biya mota, ya nemi masauki na kwanakin jarrabawa, ya bi hanyar da iyayensa ba sa barci sai sun ji ya sauka. Idan mai keken guragu ne, ga kuɗin ɗan rakiya, ga kabu-kabun da ba zai iya hawa ba, ga ɗakin kwamfutar da sau da yawa yake saman bene. Wanda shan inna ko shanyewar jiki ta taɓa hannunsa kuma yana buƙatar ƙarin lokaci a jarrabawar da ake ƙidaya mintuna.

Akwai nakasar da ba a gani da ido, wadda kusan ba a ambatonta. Gubar dalma da aka gano a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara aƙalla 400, kuma an san tana barin rauni a ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira. Waɗannan yara yanzu samari ne da 'yan mata. Su da yaran da suka ga tashin hankali da idonsu ba za su iya zama awa guda suna sauraren waya ba. Darasi na minti goma da za a iya maimaitawa ya fi musu.

Ana cewa wannan tsari ya dace da matan aure da 'yan mata. Haka ne?

Ya dace da su fiye da kowa, kuma su ne suka fi rasa kayan aikinsa. A gidaje da yawa babbar waya ta maigida ce ko ta yaya namiji, kuma tana fita da shi da safe ba ta dawowa sai dare. Matar da ke karatu da wayar aro ba ta da iko a kan lokacinta, ba ta da wurin ajiye littattafanta da ba za a goge ba idan memori ya cika, kuma lambar sirrin da jami'a za ta turo tana shiga layin wani. Aji na ƙarfe biyar na yamma kuwa ya faɗo daidai lokacin ɗora tukunyar tuwo. Wasu iyaye da mazaje suna tsoron abin da waya ke shigowa da shi, kuma tsoron yana da tushe, domin a zauren da ya haɗa maza da mata kowa yana ganin lambar kowa, ana kuma samun masu bin 'yan mata da saƙonni. Raba zauren, ko sanya malama mace ta riƙe shi, yana kwantar da hankalin gida fiye da dogon wa'azi kan muhimmancin ilimin mata.

Ƙasar nan ta taɓa warware irin wannan matsala. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take koyar da jajis, wato dattawan mata amintattu, su kuma su ɗauki karatun a waƙe su kai wa matan ƙauyuka cikin gidajensu. Darasin gajere ne, da harshen da ake ji, a sigar da za a haddace, kuma a hannun wadda mazajen gari suka yarda ta shiga gidajensu. Shirin AGILE na Bankin Duniya kan ilimin 'yan mata, wanda Kebbi ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga a 2020, Zamfara kuma ta shiga daga baya, yana koyar da 'yan mata amfani da kwamfuta a makarantu. Abin da ya rage shi ne wadda za ta kai darasin ga waɗanda ba sa zuwa makarantar.

Harshe fa? Ba za a fassara komai zuwa Hausa a huta ba?

Fassara tana taimakawa sosai a matakin firamare da yaƙi da jahilci, amma a tuna da abu biyu. Na farko, akwai ɗimbin almajirai da matan Islamiyya da ke karanta ajami da kyau amma ba su iya boko ba, kuma manhajojin karatu kusan duka da boko suke. Murya ce ke haɗa su da sauran. Na biyu, ba kowa ne Bahaushe a Kebbi ba. Akwai Dakarkari a ƙasar Zuru, da Kambari, da Zabarmawa, da Fulani, waɗanda Hausa harshen kasuwa ne ga yaransu ƙanana. A matakin jami'a kuwa jarrabawa da Turanci ake yinta, don haka abin da ya fi amfani shi ne darasin Turanci mai sauƙin jimla tare da bayanin murya da Hausa a wuraren da suka yi tsauri.

Me ya sa wasu suke karaya tun a wajen rajista?

Saboda rajistar kanta jarrabawa ce. Ana buƙatar lambar NIN, da layin waya da aka haɗa da ita kamar yadda aka wajabta tun Disamban 2020, da adireshin imel, da hoto mai ƙayyadadden nauyi, da biyan kuɗi ta Remita. Wanda ya gudo daga ƙauyensu ya bar takardunsa, ko wanda sunansa a NIN ya bambanta da na takardar sakandare da harafi ɗaya, yana iya shafe watanni yana gyara. Mafi yawan ɗalibai shagon intanet suke zuwa a yi musu. Mai shago ne zai buɗe imel ɗin, shi zai zaɓi kalmar sirri, wani lokaci har lambar wayarsa zai sa, sai ɗalibi ya wayi gari ba ya iya shiga shafinsa sai ya koma ya sake biya. Duk wanda za a yi wa rajista ya tsaya a rubuta masa imel da kalmar sirri a takarda kafin ya tashi, ya kuma tabbatar lambarsa aka sa.

Yaran makiyaya da masunta da na sansanonin gudun hijira fa?

Ga waɗannan har yanzu rediyo ya fi intanet isa. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989 kuma ta haɗa da masunta masu ƙaura, ta daɗe tana amfani da shi, haka jihohi suka yi a 2020 lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu. Rediyo ba ya cin data, batir biyu sun ishe shi, ƙaramar waya mai madannai ma tana kama shi. Rauninsa shi ne ba a yi masa tambaya, kuma idan lokacin shirin ya wuce ya wuce. Ana rage wannan idan aka tara yara wuri ɗaya da wani babba da zai maimaita musu.

Akwai kuma hanyar da matasa suka riga hukuma ganowa. A kowace kasuwa akwai masu tura finafinai da karatuttukan malamai a memori kan kuɗi kaɗan, yara kuma suna tura wa juna ta Xender babu data. Darussan zango guda na murya za su shiga memori ɗaya har da saura. Manhajoji irin su Kolibri da Kiwix an gina su ne domin aiki babu intanet, yadda kwamfuta ɗaya da sola a makaranta ko ɗakin karatu za ta raba darussa ga wayoyin da ke kusa.

Akwai dokar da ta tilasta wa makarantu su kula da masu buƙata ta musamman?

Akwai. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020, wadda ake iya kai wa ƙorafi. Dangane da shafukan intanet kuwa, akwai ƙa'idojin duniya da ake kira WCAG, waɗanda suka fara fitowa a 1999, suna bayyana yadda za a gina shafi makaho da kurma su iya amfani da shi. Jami'ar da za ta ba da kwangilar gina shafinta tana iya sa su cikin sharuɗɗa, kuma yin hakan tun farko ya fi gyara daga baya arha nesa ba kusa ba.

Ni malami ne, ba ni da iko da turakun sadarwa ko kasafin kuɗi. Me zan iya yi?

Malam, abin da ke hannunka ya fi yadda kake zato. Ka buga darasinka ka tura shi a matsayin rubutu, ka daina ɗaukar hoton takarda. Ka naɗi muryarka a gajerun sassa na minti goma, ka sa wa kowane sashe suna da lamba domin ɗalibi ya san wanda ya sauke. Duk abin da ka faɗa da murya ka sa taƙaitaccensa a rubuce saboda kurma, duk abin da ka nuna a allo ka faɗi sunansa saboda makaho. Idan za ka yi aji kai-tsaye ka sanar da wuri, ka naɗe shi, kada kuma ka ɗora maki a kan halarta. Ka ba da wa'adin miƙa aiki na kwanaki, ka karɓa ta hanya fiye da ɗaya. A makon farko ka tambayi kowane ɗalibi a keɓe irin wayar da yake da ita, ko tasa ce, da lokacin da yake samun sabis, domin masu matsala ba sa faɗa a gaban aji, sai dai ka ga sun daina bayyana. Za ka lura cewa rubutun da ka tura domin makaho shi ne wanda ɗalibin Bagudo mai raunin sabis ya iya saukewa.

Ina son in shiga. Me zan tambaya kafin in biya kuɗi?

Ka fara tabbatar da cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin, domin masu damfara da digirin intanet sun yi yawa. Daga nan ka je cibiyar da kanka ko ka aika wanda ka yarda da shi. Ka tambayi inda ake rubuta jarrabawa da kwana nawa take ɗauka, ka lissafa kuɗin mota da masauki cikin kuɗin makaranta. Ka tambaya ko ana iya sauke littattafan a karanta babu intanet. NOUN tana sakin littattafan kwasa-kwasanta kyauta a shafinta, don haka kana iya sauke ɗaya yau ka gwada shi a wayarka, idan makaho ne ka ji ko TalkBack yana karanta shi. Ka tambayi abin da ake yi wa ɗalibin da sabis ya yanke masa a tsakiyar gwaji. Idan kana da buƙata ta musamman ka rubuta takarda ga shugaban cibiyar tun kafin rajista, ka ambaci abin da kake buƙata ɗaya bayan ɗaya, ko mai karanta maka tambayoyi ne, ko tafinta, ko ƙarin lokaci, ko ɗaki a ƙasa, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Sannan ka nemi ɗalibi ɗaya ko biyu daga garinku da suka riga ka shiga, ka tambaye su nawa suke kashewa a data a kowane wata.